Ba Daji Ba Ne, Ɗahiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗahiru ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni. Ina tsaye a bakin get ɗin makaranta ina fama da 'yan latti, waya ta yi ƙara, na ga lambar matarsa. Na ɗauka. Ba ita ce ta yi magana ba, wata maƙwabciyarsu ce. Ta ce, "Malam ya cika bayan asuba. Jana'iza ƙarfe goma, a Miri."

Mun kai shi. Na dawo gida, na kasa cin abinci, na kasa kwanciya, shi ne na ɗauko waya.

Bari in gaya muku tun da wuri, ba baƙin ciki kaɗai ke damuna ba. Haushi nake ji, wallahi haushi nake ji. Wanda yake shirin zuwa ƙasan rubutun nan ya ce mini, "Malam a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare," na riga shi sani. Na yi imani da ƙaddara tun kafin ya buɗe shafinsa. Ya dai bari in gama magana tukuna.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Ɗahiru malamin aikin gona ne a sakandaren da nake koyarwa. Shekara goma sha ɗaya teburinmu ɗaya a ofishin malamai, ni a wannan gefe, shi a wancan.

Shekara shida cur shi yake ɗauko ni a babur. Bakwai saura kwata zan ji hon sau biyu a ƙofar gidanmu a Ɗan Iya. Ranar da na ce yau dai ni zan zuba mai, sai ya taka birki a tsakiyar hanya ya ce, "Sauka ka hau keke, tunda haya kake nema." Ban sake tayar da maganar ba.

In kaka ta yi, gyaɗa dafaffiya yake kawo mana daga gonarsu ta ƙauyensu Miri, cike da bokitin fenti. Ya ajiye a tsakiyar ofis, ya koma gefe yana kallonmu muna wawaso, yana cewa ga masu digiri nan.

Ranar da matata ta haihu jini ya ɓalle mata, ni na ruɗe ina ta kiran waɗanda ba sa ɗauka. Kafin in dawo hayyacina Ɗahiru ya riga ya naɗe hannun riga ya shiga ba da jini. Da ya fito, abin da ya ce kawai shi ne, "A saya mini lemo mai sanyi, na gama nawa."

Lagireto yake ce mini, irin na mota, wai ba na daɗewa ban tafasa ba.

To yau na tafasa, kuma babu mai ce mini in sauke murya.

Shekara biyu da rabi ke nan da ya fara ganin jini in ya zaga bayan gida. Jini da majina. A kan babur ya gaya mini, don irin wannan magana ta fi sauƙin faɗa in ba a kallon idon juna. Kun san me na ce masa?

"Basir ne."

Ni, da bakina. Ban duba ba, ban tambaya ba, ban san komai a kai ba. Haka muke ai. Duk abin da ya samu mutum daga ƙugu zuwa ƙasa, basir ne. Kowa likitan basir ne a garin nan, daga mai shayi har mai digiri. Ban tsaya nan ba ma, na je wurin masu motar nan da ke ihu da lasifika a bakin kasuwa na sayo masa jarka guda ta magani, na kai masa har gida ina jin na yi abin kirki.

Ya sha. Ya sha na wani. Ya sha na wani kuma.

Muna kallo tafin hannunsa ya koma fari fat. Muna kallo in ya hau bene zuwa ajin sama sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango yana haki. Muna ce masa tsufa ne, yana dariya. Mutumin da bai kai hamsin ba.

Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gonar makaranta, yana cikin nuna wa ɗalibai yadda ake zuba taki. Ranar ce na sa shi a keke na kai shi asibiti, ko shawararsa ban nema ba.

Mun dace da wata likita mace, 'yar kudancin jihar nan, mai natsuwa, ba ta da yawan surutu. Ta duba shi, ta fito tana cire safar hannu ta ce, "Malam, ban ga basir ba. Jinin nan daga sama yake gangarowa." Ta ce sai an zura wani siririn tiyo mai kyamara ta dubura an leƙa cikin babban hanji.

Ɗahiru ya juyo ya dube ni, ya ce, "Kabiru, yanzu da gemuna za a ɗauke ni hoto ta can?"

Na ce, "Sai ka gyara murmushi."

Ya yi yini guda ba abinci sai ruwa da maganin wanke ciki, yana ta tsine mini ta waya tsakanin ɗaki da bayi. Washegari aka yi.

Da aka gama likitar ta kira mu ta nuna mana hoton. Wani ɗan ƙari ne ja, ya kai ƙwan zabo, yana reto a jikin wani siririn wuya. Samansa duk ya sassale. Ta nuna da biro ta ce wannan ne yake zubar masa da jini duk tsawon lokacin nan.

Na ce, "Dakta, daji ne?"

Ta ce, "A idona bai yi kama da daji ba. Amma ido ba ya yanke hukunci a nan. Na gutsuri kaɗan, za a kai ɗakin gwaji. Ku ba shi sati uku."

Na ce me ya hana a cire shi yau a huta? Ta ce jininsa ya yi ƙasa sosai, abin kuma da ɗan girma. Sai an ƙara masa jini leda biyu tukuna, sannan a koma ta hanyar nan dai, a zarge wuyan abin da wata siririyar waya a tsinke shi. In ya gagara, ƙaramar tiyata ce. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "Kar dai a bar shi. Irin wannan yana iya janyo hanji ya naɗe, hanya ta toshe."

Jini leda biyu. Malamai huɗu muka rubuta suna a ranar, ni ne na farko. Kuɗi ma ba su ne suka hana ba, kada wani ya zo ya ce mini talauci ne.

Da la'asar yayansa ya iso.

Alhaji Sale shi ne babba a gidansu. Shi ya riƙe Ɗahiru tun yana ɗan shekara bakwai da mahaifinsu ya rasu, shi ya sa shi makaranta. Manomi ne, kuma in ya yi magana a gidan nan an gama. Ya tsaya a baranda ina yi masa bayani, amma a duk abin da na faɗa kalma biyu kawai suka shiga kunnensa: ƙari, da kuma an gutsura.

Ya ce, "Kun bari an taɓa shi da ƙarfe?"

Kun dai san maganar, kowa ya taso ya ji ta. Wai daji ba ya son ƙarfe. Wai da zarar wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu ko'ina.

Na ce, "Alhaji, ai ba a ce daji ba ne."

Ya ce, "Ƙari a cikin ciki, yana zubar da jini, mutum yana ramewa. To me sunansa? Yayarmu aka yanke wa nono a gabana, ko damina ba ta gani ba. Ba zan ba da na biyu ba."

Na san labarin yayar tasu. Shekara uku tana ɓoye ciwon a cikin zane, sai da ya fashe aka kai ta. Ba wuƙa ce ta kashe ta ba, makara ce. Na faɗa masa haka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan gidan wane ne a danginmu?"

Likitar ta zo da kanta ta yi masa bayani, a tsaye, cikin girmamawa, tana ce masa Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gode, ya ce a kawo takardar sallama ya sa hannu.

Ɗahiru yana zaune a bakin gado duk abin nan. Ya ɗauki hularsa ya sa, ya nemi takalmansa.

Haka aka wuce da shi Miri, da matarsa Hajara. Aka karɓe wayarsa wai don ya huta. Aka kawo wani mai magani da ya ce aikin kwana arba'in ne, jiƙo safe da yamma da hayaƙi. Sharaɗinsa ɗaya, kada ƙarfe ya taɓa jikinsa. Ba allura, ba aski, ba yankan farce. Ko cokali an hana shi, da ludayi yake shan kunu.

Mutum jininsa na tsiyaya kullum, maganin da aka samo masa shi ne a ɓoye cokula.

Sati uku ya wuce shiru. A na huɗu na kasa haƙuri na koma asibitin. Likitar na ganina ta miƙe tsaye. Ta ce, "Ina kuka shiga? Kwana biyar ke nan da sakamakon ya fito." Ta ce sau huɗu tana kiran lambar da ke kan katin, wato ta Alhaji. Sau ɗaya ya ɗauka, ya ce mata, "Mun gode, muna yin na gida," ya kashe.

Allah ya sa ranar gwajin Ɗahiru ya rubuta sunana a fom a matsayin mutum na biyu, ko da yake bai sa lambata ba. Shi ya sa ta iya ba ni takardar.

Ta ce, "Ba daji ba ne."

Na ce ta sake faɗa.

Ta ce, "Ba daji ba ne, Malam. Kumburi ne. Naman hanjin ne ya yi ta jin ciwo a wuri ɗaya, yana warkewa yana tarawa, har ya zama ƙari. Ba kasafai ake ganin irinsa a babban hanji ba, amma ba ya yaɗuwa, ba ya cin jiki. In mun cire shi za mu sake duba shi gaba ɗaya don mu tabbatar, amma yawanci an rabu ke nan. Ka kawo mini shi ranar Talata. Bai fi aikin awa guda ba."

Awa guda, jama'a.

Na fito daga ofishin nan ina dariya ni kaɗai kamar wanda ya zautu. Na rungume wani mai share baranda da ban taɓa gani ba. Na ari motar ƙanena, ranar Asabar da hantsi na nufi Miri, takardar tana aljihun gaba, ina taɓa ta lokaci lokaci.

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Na same shi a kan tabarma a inuwar ɗaki. Gashi ya cika masa fuska, farce zaƙo-zaƙo, wuyansa ya zama kamar na yaro. Ɗakin sai warin hayaƙin magani. Alhaji yana gona.

Ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba. Na durƙusa na ce, "Ɗahiru, tashi! Ba daji ba ne! Ga shi a rubuce." Na miƙa masa. Ya fi ni Turanci, don haka ban ma fassara ba.

Ya karanta a hankali, tun daga sama har ƙasa. Ya juya bayanta. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Kabiru. Har da hatimi."

Na ce, "Ban gane ba."

Ya ce, "Ka manta da Malam Isiyaku?"

Ban manta ba.

Malam Isiyaku tsohon shugaban makarantarmu ne, ya rasu shekara biyar da suka wuce. Ni da Ɗahiru muka yi jinyarsa. Likita ya ja mu gefe ya ce hantarsa ta gama aiki, a kai shi gida. Mu biyu muka tsaya a bakin ƙofa muka shirya abin da za mu faɗa, muka shiga da fara'a muka ce masa gyambon ciki ne, sati biyu zai miƙe. Haka ake yi ai. Ba a gaya wa marar lafiya mummunan labari, sai a ce karya masa zuciya ne. Kowa ya yaba mana a lokacin, aka ce mun iya jinya.

Ɗahiru ya ce, "Kai ka fi ni iya faɗa ma. Ni na kasa kallonsa, kai kuwa har da tafa hannu."

Na ce, "Wallahi tallahi, Ɗahiru, wannan gaskiya ce. Na rantse da Allah."

Ya ce, "Ranar ma ka rantse."

Ban taɓa jin abin da ya ƙone ni kamar wannan magana ba. Don gaskiya ya faɗa, na rantse ranar.

Na ciro waya na kira likitar. Asabar ce, ba ta aiki, amma ta ɗauka. Na sa masa a kunne. Ta yi masa bayani dalla dalla, ina jin muryarta tana fita. Yana ta cewa, "To. To. Na gode, Dakta. Allah ya saka da alheri." Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ita ma ta iya."

Sannan ya ce, "Wata guda ke nan, duk wanda ya shigo ɗakin nan sai ya ce na ji sauƙi. Yaya ya ce da sauƙi. Hajara ta ce da sauƙi, ta fita tana share ido. Babu wanda ya kira sunan ciwon a gabana ko sau ɗaya. Ni ma ina da ido, Kabiru. Na san yadda ake yi wa wanda za shi."

Ku gaya mini, me zan ce masa? Da wane baki? Mun yi ta yi wa marasa lafiyarmu ƙarya da sunan tausayi, har ranar da na zo da gaskiya a aljihu, mai daɗi, mai hatimi, ta ƙi shiga.

Ana haka Alhaji ya dawo. Na tare shi a tsakar gida da takardar. Ba zan ɓoye ba, na yi ihu. Na ce masa kashe shi za ku yi. Matan gidan suka leƙo. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Haka suke rubutawa don a kawo musu su yanka. Saura kwana goma sha biyu a gama magani. In an gama bai tashi ba, zo ka ɗauke shi, ba zan hana ka ba."

Na ce babu kwana goma sha biyun da zan jira, ga mota nan a waje.

Sai na ji muryar Ɗahiru daga ɗaki, ƙasa ƙasa. "Lagireto. Zo."

Na koma. Ya kama hannuna ya ce, "Sauke murya, gidan Yaya ne. Mutumin nan a wuya ya riƙa ɗaukata yana tsallakar da ni rafi in tafi firamare. In na tashi na bi ka a gaban iyalinsa, na tsinka shi ke nan har abada. Kwana goma sha biyu ne. In gaskiya ka faɗa, ai abin zai jira."

Na ce likita ta ce ba ya jira.

Ya saki hannuna. Can ya ce, "Ka leƙa mini gonar makaranta. Waken nan ya isa feshi, kar su bar shi tsutsa ta cinye."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Wake.

Kuma na tafi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Mota na ƙofar gida, mutumin bai fi buhun gyaɗa nauyi ba, da hannu ɗaya zan iya saɓa shi. Da na ɗauke shi sai dai a zage ni, a ce ba ni da kunya, Alhaji ya daina amsa gaisuwata. To sai me? Amma na tsaya ina lissafin mutunci, ina tunanin ni bare ne, kada a ce na shiga tsakanin wa da ƙane. Na damƙa wa Hajara takardar, na ja mota na dawo Bauchi ni kaɗai.

Sau biyu na koma. Na farko aka ce yana barci. Na biyu aka ce mai magani ya hana a gan shi har a cika kwanakin. Na tsaya a zaure na juyo kamar sakarai.

Yau kwana na tara cikin goma sha biyun nan.

Ni ba likita ba ne, ba zan ce ga takamaimai abin da ya ƙarasa shi ba. Amma na ji daga matan gidan cewa kwana uku cikinsa na kumbure, ba bayan gida, ko iska ba ta fita, sai amai. Aka kira mai maganin, ya ce alama ce mai kyau, wai magani ne ya tattaro cutar wuri ɗaya za ta fita. Jiya da yamma da abin ya yi tsanani aka ce to gobe da safe a kai shi asibiti.

Na so in ga mai maganin nan yau a maƙabarta. Bai zo ba. Ina jin yana wani gidan yana ƙirga wa wani kwana arba'in.

Muna tsaye ana zuba ƙasa ina jin mutane a bayana suna cewa, "Daji ne, Allah ya raba mu da shi." Wani ya ce ai ba ya jin magani. Wani ya ce Alhaji ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Da aka shafa addu'a Alhaji Sale ya nufo ni. Idonsa ya yi jawur, dattijo yana kuka kamar yaro. Na san yana son ƙanensa, ban taɓa shakkar wannan ba. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ka gani ko, Malam Kabiru? Tun ranar da suka taɓa shi da ƙarfe na san an gama."

La haula wa la ƙuwwata illa billah.

Wato ko yanzu bai gane ba. Wato gobe in wani ya kwanta a gidan nan, haka za a sake yi, kuma za a ce ai ga abin da ya samu Ɗahiru. Mutuwar abokina za ta zama hujjar kashe na gaba.

Na haɗiye abin da ya taso mini. Na ce, "Allah ya ji ƙansa." A bakin kabari muke, na bar shi.

Da muka koma gidan, ina shirin tafiya aka ce Hajara na son magana da ni. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin, tana daga bayan labule. Muryarta ta dushe. Ta ce, "Malam Kabiru, takardar nan da ka ba ni, ni ba na jin Turanci sosai. Shi kuma ya ce mini lallashi ne irin naku. Don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Daji ne?"

Na san amsar da ake bayarwa a irin wannan wuri. Ta zo har kan harshena. In ce mata e, daji ne, babu abin da wani zai iya yi, ta samu ta yi takabarta da sanyin zuciya. Mace ce mai 'ya'ya uku, a cikin dangin miji, mijinta ko awa biyar bai yi a ƙasa ba.

Na ce, "Ba daji ba ne, Hajara. Abin cirewa ne. Da an cire, da yanzu yana aji."

Na ɗauka ta bar wurin. Na ji labulen yana motsi, ta riƙe shi ne.

Sai ta ce, "To ka faɗa wa mutane. Ni ba zan iya faɗa a gidan nan ba."

Shi ne nake faɗa.

In ka ga jini a bayan gidanka, kada ka tambaye ni, kada ka tambayi mai shayi, kada ka tsaya a motar lasifika. Je a leƙa a gani. Kunyar rabin awa ce. Ba kowane ƙari ne daji ba, kuma babu wanda zai san ko mene ne sai an gutsura an duba. In kuma naka ne ya kwanta, don Allah gaya masa abin da likita ya ce, mai daɗi ko marar daɗi. Babba ne, da hankalinsa. Ranar da za ka buƙaci ya yarda da kai tana zuwa.

Wanda ya ga na tona asirin gida, ya yi ta gani. Na yi shiru sau ɗaya, na ga inda ya kai mu.

Ya Allah, ga bawanka Ɗahiru ya zo maka. Ka san bai taɓa ƙin kowa ba, ka san biyayya ce ta zaunar da shi a kan tabarmar nan. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa wahalar da ya sha ta zame masa kaffara. Ka tsaya wa Hajara da yaran nan uku. Ka saka wa likitar nan da ta yi ta kira ba a ɗauka ba.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Kada ka danna alama kawai, ka buɗe baki ka roƙa masa.

Ni ma ku sa ni a ciki. Gobe da safe zan koma zaman makoki, za a shimfiɗa mini tabarma kusa da Alhaji Sale, mutane za su yi ta shigowa suna cewa daji ne. Ku roƙa mini Allah ya ba ni ikon faɗa masa gaskiya ba tare da na zage shi ba, don yadda nake ji yanzu, ban yafe masa ba, ban kuma yafe wa kaina ba.